Shafukan neman shiga binciken lafiya: abin da suke iya yi wa mara lafiya da inda ƙarfinsu ya ƙare

A watan Yulin 2020, sa'ad da annobar korona ta hana duniya sakat, hukumomin lafiya na Birtaniya suka buɗe wani shafi a intanet, inda duk baligin da ya yarda a gwada sabuwar allurar rigakafi a jikinsa zai rubuta sunansa da shekarunsa da yankin da yake zaune, sannan ya saurari kira. Cikin kusan wata guda mutum fiye da 100,000 suka yi rajista, daga baya kuma adadin ya zarce 500,000. Da kamfanin Novavax ya tashi gwada allurarsa a ƙasar a ƙarshen watan Satumba na wannan shekara, cikin wata biyu kacal aka haɗa 'yan sa kai 15,000, alhali a lokutan da ba na annoba ba, tara mutane masu yawan haka yakan ci shekara ko fiye. Wannan ne misalin da masu yabon irin waɗannan shafuka suka fi kawowa, kuma suna da hujja, domin rashin samun waɗanda za su shiga na daga cikin manyan dalilan da ke jinkirta binciken lafiya, wani ma ya mutu a hanya bayan an narka masa dukiya.

Sai dai misalin na iya sa mutum ya ɗora wa shafukan nauyin da ba za su iya ɗauka ba. A wancan lokaci kowa na tsoron cutar, masu binciken kuma mutane gama-gari suke nema, sannan an baza cibiyoyin gwajin a sassan ƙasar ta yadda akasarin jama'a na da wadda ba ta yi musu nisa ba. Halin da mai ciwon daji ko mahaifin yaro mai sikila ke ciki idan ya ɗauki waya yana neman binciken da zai shiga ya sha bamban da wannan. Abin da shafukan suka magance, kuma suka magance shi sosai, shi ne ɓoye-ɓoye: a yau da wuya a gudanar da sahihin gwajin magani ba tare da ya bar sawu a wani kundi da kowa zai iya buɗewa ba. Nisan wuri, da tsauraran sharuɗɗan shiga, da ƙarancin amana tsakanin mai bincike da jama'a kuwa, suna nan yadda suke.

Mafi daɗewa kuma mafi girma a cikin shafukan su ne kundayen rajista, wato rumbunan da jami'o'i da asibitoci da kamfanonin magunguna ke shigar da bayanin gwajin da suke yi. Jagoransu shi ne ClinicalTrials.gov, wanda babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ya buɗe ranar 29 ga Fabrairun 2000, bisa umarnin wata doka ta 1997 da ta wajabta sanar da jama'a gwaje-gwajen magungunan cututtuka masu barazana ga rai. Tushen tunanin ya samo asali ne daga gwagwarmayar masu cutar ƙanjamau a shekarun 1980, waɗanda suka matsa wa gwamnati lamba cewa tun da babu maganin da zai cece su a kasuwa, haƙƙinsu ne su san inda ake gwada sababbi. A yau kundin na ɗauke da bincike fiye da 500,000 daga ƙasashe sama da 200.

Amma tsoron tonon asiri ne ya cika kundin, fiye da tausayin marasa lafiya. A watan Yunin 2004, babban lauyan gwamnatin jihar New York, Eliot Spitzer, ya maka kamfanin GlaxoSmithKline a kotu bisa zargin danne sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna cewa maganin ciwon damuwa mai suna Paxil ba ya amfanar yara da matasa, har ma yana iya ƙara musu tunanin kashe kai. Watanni kaɗan bayan haka, editocin manyan mujallun likitanci na duniya suka haɗa baki cewa daga 2005 ba za su ƙara buga sakamakon gwajin da ba a yi masa rajista tun farko ba. Malamin jami'a kuwa idan aka ce ba za a buga aikinsa ba, an taɓa masa tukunyar abinci, shi ya sa tsakanin Mayu da Oktoban 2005 kaɗai yawan gwaje-gwajen da ke kundin ya ƙaru da kashi 73 cikin 100. A 2007 Amurka ta yi wata dokar da ta tilasta shigar da sakamako, a shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe wata mashiga guda da ke tattaro bayanai daga kundayen ƙasashe daban-daban, irin su ISRCTN na Birtaniya da CTRI na Indiya. Nahiyar Afirka ta samu nata, PACTR, wanda ke zaune a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kuma hukumar ta amince da shi a 2009.

Wannan tarihin ne ke bayyana dalilin da ya sa kundayen ke da wuyar sha'ani ga wanda ba likita ba. An gina su ne don hukumomi da editoci su kama mai ɓoye sakamako, mara lafiya kuma daga baya ya shigo lissafi.

A ɗauki misalin magidanci a Kano wanda ɗansa ke fama da amosanin jini, ya ji labarin shafin ya buɗe shi a wayarsa. Da farko zai tarar da gurabe da za a cike: sunan cuta, sunan magani idan akwai wanda yake nema, da kuma wuri. Idan ya rubuta sikila ba zai samu abin kirki ba, dole sai ya rubuta sunan cutar da Turanci yadda likitoci ke rubuta shi. Ya zaɓi Najeriya, jerin bincike ya fito, amma da yawa daga ciki an kammala su tun shekarun baya, don haka sai ya taƙaita neman ga waɗanda ke ɗaukar mutane a yanzu. Ya buɗe guda. A sama zai ga lambar binciken, wadda ke farawa da haruffan NCT sannan alƙaluma takwas, ya ga wanda ya ɗauki nauyi, da matakin da gwajin yake, da yawan mutanen da ake nema, da asibitocin da ake yi, da wanda za a tuntuɓa. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne sashen sharuɗɗan shiga, inda za a ce, alal misali, sai yaro mai shekara 5 zuwa 12, mai rukunin jini kaza, wanda na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta nuna ya haura wani ma'auni, wanda bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba, wanda kuma ba ya shan wani magani kaza. Mahaifin ya san shekarun ɗansa, wataƙila ya san rukunin jininsa, amma gudun jinin ƙwaƙwalwa ba abu ne da zai sani ba sai an taɓa yin awon. Iyakar abin da shafin zai yi masa shi ne ya ba shi lamba da sunan asibiti, ya ɗauka ya kai wa likitan yaron.

Waɗannan sharuɗɗa ba mugunta ba ce. Wasu an sa su ne don kare wanda maganin zai iya cutarwa, kamar mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda, wasu kuma don a samu mutane masu kama da juna ta yadda za a iya danganta bambancin da aka gani ga maganin. Duk da haka, masana da dama sun daɗe suna ƙorafin cewa ana wuce gona da iri, ana kwafo sharuɗɗa daga tsohon gwaji zuwa sabo ba tare da an sake duba dalilinsu ba, har a wayi gari an tabbatar da magani a jikin mutanen da ba su yi kama da tsofaffi da masu larurori biyu ko uku da za su sha shi a zahiri ba. Akwai kuma wani ɗan layi da mutane ba su cika lura da shi ba, wato ranar da aka sabunta bayanin a ƙarshe. Masu binciken ne da kansu ke sabuntawa, ba duka ke yi a kan kari ba, don haka shafi na iya cewa ana ɗaukar mutane alhali an rufe ƙofa tuni, ko lambar wayar da ke jiki ta ma'aikacin da ya bar aikin ce.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne zaton cewa duk binciken da ya bayyana a shafin gwamnatin Amurka, gwamnatin ta tantance shi. Ba haka ba ne. Ma'aikatan kundin suna duba ko an cike guraben daidai, ko akwai saɓani a fili, amma ba sa yanke hukunci kan ingancin ilimin da ke bayan gwajin ko amincin abin da za a yi wa mutane, kuma shafin da kansa ya rubuta wannan gargaɗi. A 2015 wasu tsofaffin mata uku masu ciwon ido a jihar Florida suka biya dala 5,000 kowacce a wani asibitin kuɗi, aka tatsi kitse daga jikinsu, aka tace abin da aka kira ƙwayoyin halitta na asali, aka yi musu allurarsa a idanu biyu rana guda. Dukansu sun yi mummunar asarar gani, kamar yadda likitocin da suka duba su daga baya suka bayyana a mujallar New England Journal of Medicine a watan Maris na 2017. Asibitin ya yi wa wani bincikensa rajista a ClinicalTrials.gov, kuma wasu daga cikin matan sun ɗauka gwaji ne na gaskiya suka shiga. Alamun matsala kuwa a fili suke ga wanda ya san ƙa'ida: sahihin gwaji da wuya ya caji mutum kuɗin abin da ake gwadawa, kuma babu mai bincike mai hankali da zai yi wa idanu biyu abin da ba a tabbatar ba a zama ɗaya.

Nau'i na biyu na shafukan ya juya al'amarin ne, maimakon mara lafiya ya yi ta laluben bincike, sai binciken ya nemo shi. Irin wannan ne rajistar korona ta Birtaniya, kuma irinsa ne ResearchMatch, wanda cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt ta buɗe a 2009 da kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka. Tsarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne ya fi mutunta ɗan sa kai. Mutum zai shigar da shekarunsa, da jinsinsa, da yankinsa, da cututtukan da yake da su idan akwai, da nisan da zai iya tafiya. Mai bincike ba ya samun izinin neman mutane sai ya nuna amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na cibiyarsa, kuma ko ya samu, abin da yake gani bayanai ne marasa suna. Idan ya ga waɗanda suka dace, shafin ne zai aika musu saƙon a madadinsa. Wanda ya amsa da na'am shi kaɗai za a bayyana sunansa da lambarsa, wanda ya ƙi ko ya yi shiru kuwa mai binciken ba zai taɓa sanin ko shi wane ne ba. Birtaniya na da Be Part of Research, wanda ya maye gurbin wani tsohon shafi a 2019, da Join Dementia Research na masu cutar mantuwa da masu kula da su tun 2015. Ƙungiyoyin marasa lafiya ma sun kafa nasu, kamar Fox Trial Finder na masu cutar Parkinson, mai sa makyarkyatar jiki, wanda gidauniyar ɗan wasan fim Michael J. Fox ta buɗe a 2011.

Raunin wannan tsari shi ne wanda ke zuwa ya yi rajista. Akasari mutane ne masu ilimin boko, masu intanet, masu lokacin cike fom, kuma a Amurka mata da fararen fata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Baƙar fatar Amurka na da dalilin ɗari-ɗari, domin ba su manta da binciken Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 likitocin gwamnati suka zuba wa ɗaruruwan maza baƙar fata masu ciwon tunjere ido ba tare da ba su magani ba, ko bayan da aka gano cewa allurar fenisilin na warkar da shi. Shafi komai kyansa ba ya goge irin wannan tabo.

Sai kuma kamfanonin kasuwanci masu haɗa mutum da gwaji, waɗanda tallansu ke bin mutane a Facebook da Google. Sukan yi wa mutum 'yan tambayoyi cikin sauƙaƙan kalmomi, su tace masa jerin, wani lokaci ma ma'aikaciyar jinya ta kira shi, kuma a nan sun fi kundayen gwamnati daɗin amfani. Amma dillalai ne, kuma dillali daga hannun mai kaya yake karɓar la'adarsa. Kamfanin maganin da ke neman mutane shi ke biya, sau da yawa gwargwadon yawan waɗanda aka turo masa, saboda haka babu tabbacin cewa gwajin da aka sa a sama shi ne ya fi dacewa da mara lafiyar. Akwai kuma batun bayanan da mutum ya zuba musu, na ciwonsa da magungunansa da lambar wayarsa, waɗanda ke da daraja a kasuwa. Dokokin kare bayanai, ciki har da wadda Najeriya ta kafa a 2023, sun sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, amma wanda ya danna "na amince" bai karanta ba ya riga ya sallama da yawa daga haƙƙinsa. A baya-bayan nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo fagen. A ƙarshen 2024 masu bincike na gwamnatin Amurka suka bayyana wata manhaja mai suna TrialGPT, wadda ke karanta tarihin mara lafiya ta gwama shi da sharuɗɗan gwaje-gwaje, kuma a jarrabawar da aka yi mata ta rage wa likitoci kusan kashi 40 cikin 100 na lokacin tantancewa. Ci gaba ne, amma a lura cewa likita take taimaka wa, kuma da bayanan marasa lafiya na ƙirƙira aka fi auna ta.

Wasu binciken ma kacokan a waya ake yin su. Jami'ar Stanford da kamfanin Apple sun tara mutum 419,297 cikin wata takwas don gano ko agogon hannu zai iya hango rikicewar bugun zuciya. Adadin ya girgiza masana, amma abin da ya biyo baya ya fi shi koyarwa: mutum 2,161 ne agogon ya yi wa gargaɗi, kuma a cikinsu 450 ne kawai suka maƙala na'urar tabbatarwa da aka aika musu suka dawo da ita yadda za a iya karantawa. Danna maɓallin shiga abu ne na minti biyu, zama cikin bincike har ƙarshe kuwa sai da wanda zai riƙa bibiya. Gwajin PANORAMIC na Jami'ar Oxford, wanda aka fara a Disamban 2021, ya fi dacewa, domin mai korona kan yi rajista ta intanet, a tantance shi, a kai masa maganin har gida. Da mutum fiye da 25,000 aka gano cewa maganin molnupiravir na hanzarta warkewa da 'yan kwanaki, amma bai rage kwanciya asibiti ko mutuwa a tsakanin waɗanda suka yi rigakafi ba.

Alƙaluman da suka fi fayyace iyakar shafukan sun fito ne daga wani nazari da aka buga a Amurka a 2019, wanda ya haɗa sakamakon bincike 13 kan masu ciwon daji kusan 9,000. Kimanin kashi 56 cikin 100 ba su shiga gwaji ba ne saboda babu wanda ya shafi nau'in ciwonsu a asibitin da ke duba su. Wani kashi 22 kuma akwai gwajin amma sharuɗɗa suka fitar da su. Kashi 8 ne kawai suka shiga. Ma'ana, fiye da kashi uku cikin huɗu an rufe musu ƙofa tun kafin a zo maganar ko sun sani ko suna so. Wani nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa idan aka yi wa mara lafiya tayin shiga kai tsaye, fiye da rabi na amincewa. Idan haka lamarin yake a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan gwaje-gwaje, sai a auna yadda zai kasance a Afirka, wadda kasonta a gwaje-gwajen duniya bai taka kara ya karya ba, ɗan abin da ke akwai kuma Masar da Afirka ta Kudu suka kwashe mafi yawansa. ResearchMatch na mazauna Amurka ne, Be Part of Research na mazauna Birtaniya, kuma ganin gwaji a Landan ko Boston ba ya ba mutum biza, ko kuɗin jirgi, ko masauki na wata shida.

A ƙasar Hausa, maganar gwajin magani ba ta yiwuwa ba a ambaci 1996 ba. A shekarar, yayin annobar sanƙarau da ta hallaka kimanin mutum 12,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara 200, aka ba rabi Trovan, rabi kuma wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya dage cewa an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Jama'a ba su san girman abin ba sai da jaridar Washington Post ta fallasa shi a ƙarshen 2000, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa lamarin ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. A wancan zamani babu wani kundi da ɗan jarida ko likita a Kano zai buɗe ya ga wane magani ake gwadawa, wa ya ba da izini, yara nawa ake nema. Yanzu akwai, kuma ga kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, da ke yi wa kwamitocin asibitoci rajista, ga NAFDAC da dole a samu izininta kafin a gwada magani.

Tun daga lokacin an yi bincike masu nagarta a yankin, kuma yadda suka samu mutanensu abin lura ne. Gwajin SPRING, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad da na Barau Dikko a Kaduna suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt, ya bi yara 220 masu sikila don gano adadin maganin hydroxyurea da zai kare su daga shanyewar ɓarin jiki, kuma a ɗakunan duba masu sikila aka zaƙulo yaran bayan an yi musu awon ƙwaƙwalwa. A Madarunfa da ke jihar Maraɗi a Nijar, an gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, Rotasiil, a kan jarirai kimanin 3,500, ta hannun ma'aikatan lafiya da ke shiga ƙauyuka, daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018. Binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya, ya shafi mata fiye da 200,000 a ƙasashe huɗu, ya kuma rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. A nan asibitoci aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba ɗaiɗaikun mata ba, don haka babu macen da za ta iya neman shiga daga wayarta. Dukansu suna da rajista a kundayen duniya, amma likita da ungozoma da mai unguwa ne suka kai mutane gare su.

Saboda haka amfanin da ya fi girma ga mai karatu a Kano ko Damagaram shi ne tantancewa. Idan saƙo ya zagayo a WhatsApp cewa ana neman masu ciwon suga ko hawan jini don gwada sabon magani, ko wani ya zo unguwa da fom yana ɗibar jini da sunan bincike, akwai tambayoyin da ke da amsa a rubuce. Mece ce lambar rajistar binciken? Idan ta ClinicalTrials.gov ce za ta fara da NCT, idan ta kundin Afirka ce za ta fara da PACTR sannan shekara da watan rajista, kuma duk wanda ke da waya zai iya saka ta a shafin ya ga ko sunan asibitin da na jagoran binciken sun yi daidai da abin da aka faɗa masa. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince, kuma mece ce lambar amincewar? Samun lamba ba shaidar inganci ba ce, kamar yadda matan Florida suka gani, amma rashinta a gwajin magani babban dalili ne na ja da baya, tun da Yarjejeniyar Helsinki, wadda likitocin duniya ke bi, ta wajabta tun 2008 a yi rajista kafin a ɗauki mutum na farko.

Ko an samu binciken da ya dace, aikin shafi ya ƙare ne a bakin ƙofar asibiti. Daga nan sai zaman neman yarda, inda wajibi ne a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa. A nan ne zai ji cewa mai yiwuwa ƙuri'ar kwamfuta ce za ta zaɓa masa ɓangare, cewa zai iya samun tsohon magani ko ƙwayar da ba ta ɗauke da sinadarin komai, kuma cewa shi da likitan duka ba lallai su san wanda ya samu ba sai an gama. A nan ne zai san matakin gwajin, domin mataki na farko, wanda akan yi da mutane 'yan gommai, neman sanin illa ne da adadin da jiki zai ɗauka, ba warkarwa ba. A Landan a watan Maris na 2006, samari shida masu ƙoshin lafiya da aka yi wa alƙawarin fam 2,000 kowanne sun tsinci kansu a sashen kulawa ta musamman bayan allurar farko ta wani magani mai suna TGN1412. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma shi ya sa ya kamata a tambayi wanda zai biya kuɗin jinya idan an samu illa. Kuɗin mota da na ɓata lokaci halal ne kuma an saba bayarwa, sai dai idan kuɗin ya kai yadda talaka ba zai iya cewa a'a ba, kwamitin ɗa'a ya kamata ya taka birki. Mutum na da ikon fita duk ranar da ya so ba tare da an hana shi kulawar da ya saba samu ba.

Saura haƙƙi guda da aka fi tauyewa, wato sanin abin da aka gano. Dokar Amurka ta ba masu gwaje-gwajen da ta shafa shekara ɗaya bayan kammalawa su shigar da sakamako a kundin, amma wani nazari da masu bincike na Oxford suka buga a mujallar Lancet a 2020 ya gano cewa kashi 41 cikin 100 ne kawai suka cika wa'adin, kuma manyan kamfanoni sun fi jami'o'i da hukumomin gwamnati biyayya. Ko an shigar, jadawalai ne na alƙaluma da ko ɗalibin likitanci sai ya natsu kafin ya gane. Tarayyar Turai ta ɗan yi gaba a nan, domin dokarta ta 2014, wadda ta fara aiki tare da sabon shafinta na CTIS a ƙarshen Janairun 2022, ta wajabta wa mai gwaji ya rubuta taƙaitaccen sakamako da kalmomin da mutumin da ba masani ba zai fahimta. Kundin Afirka da na Amurka ba su da sashen Hausa, don haka uwar da ta kai jaririnta a ɗiga masa rigakafin gwaji a Madarunfa, ko mahaifin da ya yi shekaru yana kai ɗansa awon jini a Kano, za su ji sakamakon ne kawai idan masu binciken sun koma garin sun tara jama'a sun faɗa musu da baki. Kwamitocin ɗa'a na asibitocin koyarwa na da ikon sanya wannan komawa cikin sharuɗɗan ba da izini, tare da ware mata kuɗi a kasafin binciken tun kafin a ɗauki mutum na farko.